Kunnen Kofur

An yanki kunnen birina, aka sa a kwalba, aka tafi da shi a mota. Abin da aka yanka bai kai ƙwayar wake ba. Birin bai mutu ba. Labarin ke nan. Sauran bayani ne, saboda ku samarin da kuke ce mini wasa da biri ba sana'a ba ce, bara ce da igiya.

Sunana Labbo. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ƙauyenmu yana tsakanin Yargalma da Bukkuyum. A hannun ƙanin Innata na koyi aikin, Kawu Arzika, mutumin da babu kasuwar da ba ta san gangarsa ba daga Anka har Gummi. Ranar da Inna ta kai ni wurinsa, bai ba ni igiya ba. Tsintsiya ya ba ni. Na share kashin biri har damina ta zo ta wuce, na ɗebo ruwa, na tsinko ɗanyar tsamiya da kanya, ban taɓa sarƙa ba. Da na gaji na tambaye shi yaushe zan fara wasa, sai ya ce:

"Ran da biri ya ba ka baya. In yana kallonka bai yarda da kai ba. In ya juya ma ƙeya, to ka zo mu yi magana."

Kofur ya zo mana a shekarar babban fari, lokacin da gwaggon biri suka riƙa saukowa gonaki don yunwa. Wani Bafulatani ne ya kawo shi a cikin hular malafa. Karnuka sun kashe uwar. Ɗan abu ne baƙi, kunnuwa kamar na jemage, yana riƙe da yatsan mutumin ya ƙi saki. Kawu ya raine shi da nono da fura marar tsami, yana kwantar da shi a cikin rigarsa. Ni da Kofur kusan tare muka koyi aiki, kuma ya riga ni iyawa.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne yana iya kashe ka ko ya kashe birin. Akwai ɗamarar fata da ake ɗaura masa a ƙugu. Ba a wuya ba. Wanda ya ɗaure gwaggon biri a wuya bai san aiki ba, domin da hannu zai cire, in bai ciru ba ya shaƙe kansa. Fatar dole ta sha mai, in ta bushe sai ta ci masa ƙugu, ƙuda su bi, tsutsa ta shiga. Sai sarƙa mai tsawon gaba biyu, da igiya a ƙarshenta don hannunka. Sai 'yar ganga. Sai ɗan wando da hula da bindigar katako. Sai tsumagiya, wadda ake nunawa ba a dukan da ita. Kawu yakan ce, "Ba bulala ka koya ma biri wasa ba. Zama ka koya mai." Na ga masu dukan. Duk wanda na sani a cikinsu akwai yatsan da ya rasa.

Aikin da ya fi kowanne wuya shi ne gurje fiƙa. Namijin gwaggon biri in ya balaga fiƙoƙinsa sun fi na kare, yana iya tsaga cinyar mutum. Ranar da muka yi wa Kofur, mutum huɗu muka riƙe shi a cikin buhu, kansa kawai a waje. Kawu ya sa masa itace a baki, ya ɗauki magagarin maƙera ya riƙa gurzawa a hankali, yana tsayawa yana zuba ruwa. In ka yi zurfi ka taɓa jijiya, haƙorin ya ruɓe, birin ya tsane ka har abada. Kawu ya sa na shimfiɗa ƙyalle a ƙarƙashin haɓarsa. Duk garin haƙorin da ya zuba, da gashin da ya tsige a wajen kokawa, ya tattara ya ƙulle, ya haƙa rami a bayan ɗaki ya binne.

Nan ya gaya mini dokar gidanmu. Babu abin da zai fita daga jikin birinka ya shiga hannun baƙo. Gashi, farce, haƙori, jini. Ya ce wani mai birin zai iya yin aiki da shi ya ɗauke wasan, ka wayi gari kana kaɗa ganga birinka yana kallonka kamar tunkiya, na wancan kuma yana yin abin da ka sha wuya ka koyar. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ban taɓa gwadawa ba. A kasuwa in yaro ya tsigi gashin Kofur, sai na bi shi na karɓo.

Da safe kafin a fita akwai abin da muke kira duba. Kawu zai zauna a kan turmi, ya sa Kofur tsakanin ƙafafunsa, ya riƙa raba masa gashi da yatsa daga ƙeya zuwa bayan kunne, kamar yadda 'yan'uwansa suke yi masa a dawa. Ba ƙwarƙwata ake nema ba. Gaisuwa ce. Birin zai saki jiki, idonsa ya lumshe, har miyau ya zubo. Birin da aka yi wa duba da safe ba ya cizon mutum a kasuwa. Ranar da ka yi sauri ka tsallake, ranar za ka kwana a gaban alƙali.

Kofur ya iya wasa da yawa. Yana sara wa mutum kamar soja, shi ya sa aka ba shi sunan. Yana tafiyar tsohuwa mai ciwon baya. Yana yin ɓarawon da aka kama, ya ɗora hannu a ka yana satar kallo. Yana noma da ɗan kwashe, ya tsaya ya share gumi. Kowane wasa da kiɗansa, in na sauya bugu ya sauya. Mahauta sun fi kowa kyauta, amma sun fi kowa tsokana. 'Yan tasha sai dariya, ba sa bayarwa. Fulani masu nono sukan ja da baya su rufe ƙwarya, amma ba sa tafiya sai an gama. Kuma ku sani, wasan ba shi ne cinikin ba. Wasan yana tara mutane ne, sannan ka buɗe jaka ka sayar da maganin shawara da na basir. Da wannan Kawu ya yi mini aure, da wannan na ciyar da gida bayan ƙafarsa ta gaza ya miƙa mini sarƙar.

Sai shekarar dalma ta zo. Zinari ya bayyana, kowa ya bar abin da yake yi. Aka riƙa kawo dutse cikin gari ana niƙawa a injin da ake niƙa hatsi, mata suna dakawa a turmi a tsakar gida. An kafa wani injin a jikin katangarmu. Ƙurar tana sauka a kan tuwo, a kan tabarma, a bakin randa. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a cikin dutsen. Yara suka fara suma da jijjiga. Ana kai su wurin malamai, ana hayaƙi, suna mutuwa. Na binne biyu. Ba zan ƙara magana a kai ba.

Ba a wasa da biri a garin da ake zaman makoki kowace safiya. Na rataye ganga. Daga baya likitoci suka zo, aka kwashi yara zuwa asibiti a Bukkuyum da Anka, aka kankare ƙasar gidajenmu aka zubo sabuwa. A asibitin na san Rifkatu, wata nas Kirista daga wajen Zuru, wadda ta kula da ƙaramar 'yata da ta rayu. Mace ce mai faɗa da hannu mai sauƙi. Sarkin Biri take ce mini. Da aka sallame mu ta ce in kawo mata Kofur ya sara mata, na kai shi, ya sara.

A wannan tsakanin ne Kawu ya fara ruɗewa. Da farko sunaye ne suka riƙa ɓace masa. Sai ya riƙa yin sallar azahar ya sake yi. Sai ya kira matata da sunan Innata, wadda ta daɗe a ƙasa. Gigin tsufa dai, kowa ya san shi, ba wanda ya san maganinsa. Abin da ya fi tsanani shi ne fita. Ka juya ka ga ba ya nan. Sau ɗaya wasu masu shanu suka ishe shi a kan hanyar Anka, ba takalmi, ƙafa duk ƙaya, yana cewa zai je cin kasuwa. Lokacin daji ya fara lalacewa, ɓarayin shanu sun fara yawo da bindiga. Tsohon da ya fita ba lallai ya dawo ba. Wasu suka ce in sa masa mari. Na ce wanda ya hana ni ɗaure biri a wuya ba zan ɗaure shi a ƙafa ba.

Matata Hassi ce ta gano dabarar. Ta ce in maido turken Kofur ƙofar ɗakin Kawu. Na maido. Daga ranar bai sake fita ba. Zai tashi ya ɗauki sanda, ya zo bakin ƙofa, ya ga birin a kwance, sai ya tsaya. Mai biri ba ya tafiya kasuwa ya bar birinsa. Zai ce, "Tashi mu tahi." Kofur ya dube shi ya ci gaba da kwanciya. Sai Kawu ya zauna a kan turmi yana jiran ya tashi, har ya manta da tafiyar.

Kofur ma ya tsufa. Da gari ya ɗan lafa na sake ɗaukar ganga, amma ba mu daɗe ba. Wasansa na ƙarshe a kasuwar Gummi ne. Mutane sun taru, na kaɗa masa kiɗan soja, ya miƙe, ya ɗaga hannu zai sara. Hannun ya tsaya a hanya. Ya dubi hannun, ya dube ni. Na sake kaɗawa. Ya zauna a ƙasa ya fara tsintar tsakuwa. Wani mahauci ya ce, "Labbo, sojanka ya yi ritaya." Aka yi dariya. Na naɗe sarƙa muka dawo gida. Bayan nan ya riƙa manta inda kwanon ruwansa yake. Wani lokaci in na zo yi masa duba sai ya yi mini haƙora, ni da na share kashinsa tun yana cikin malafa.

Wata safiya maƙwabcinmu Sahabi ya shigo aron galma, ya bi ta gefen turke kamar yadda ya saba. Kofur ya zabura ya kama masa hannu. Ba fiƙa, don haka bai tsaga ba, amma jini ya fito. Kafin hantsi magana ta gama gari: birin Labbo ya kamu da haukan kare.

A zauren mai gari, Sahabi ya ɗaga hannunsa da aka naɗe da ƙyalle.

"Ranka shi daɗe, shekara nawa ina wucewa gabanai bai taɓa ko dubana ba. Wanga ba lahiya ba ta. A kashe shi tun bai kama ɗiyan mutane ba."

Na ce, "Tsuhwa ne, ranka shi daɗe."

"Tsuhwa ka cizo?" in ji Sahabi. "Kawunka ya ciji wani?"

Ban ga laifinsa ba. Garin da ya binne yara da yawa ba ya son jin wata sabuwar cuta. Na gaya wa mai gari abu ɗaya: in aka kashe Kofur, Kawu zai fita, kuma ba zan iya tsare shi ba. Mai gari ya ce an aiko masa cewa likitocin dabbobi da ke duba awaki da kaji a wajen Bagega, inda ake kwashe ƙasa a lokacin, za su biyo ta yankinmu. A tsare birin a gida. In likita ya ce hauka ne, ko ya ce ba zai iya shaida ba, a kashe. Sahabi kuma ya je asibiti a yi masa allura.

Na san yadda likitan dabbobi yake gwada haukan kare. Na gani a Gummi. Kan karen suke yankewa su tafi da shi. Na je wurin Rifkatu na gaya mata. Ta ce ta san wata daga cikin likitocin, za ta yi mata magana. Bayan 'yan kwanaki ta aiko a ce mini likitar tana son ganin birin ƙwarai, don ta ji tsoho ne, kuma akwai masu binciken ƙwaƙwalwa da take aiki da su. Da na ji haka na daina cin abinci sosai. Ƙwaƙwalwa dai a cikin kai take, kuma hanya ɗaya na sani ta isa gare ta. Na yi tunanin in kai shi dawa in sake. Amma birin da aka gurje wa fiƙa, wanda bai san inda kwanonsa yake ba, karnuka ne za su gama da shi kafin la'asar.

Suka zo da hantsi, Rifkatu da likitar. Dakta Hadiza sunanta, doguwa, Hausarta ta Kano. Mai gari ya turo wakilinsa, Sahabi ma ya zo, mutane suka cika ƙofar gida. Na tsaya tsakaninsu da turken.

Na ce, "Kai dai ba ku tahiya da shi."

Likitar ta dubi Rifkatu. Rifkatu ta ce, "Sarkin Biri, wa ya ce maka kai za a yanke? Ka ga mun zo da wuƙa?"

"Kin ce ƙwaƙwalwa."

Dakta Hadiza ta ajiye jakarta, ta nemi kujera ta zauna. Ta ce abu biyu ne suka kawo ta, kada in haɗa su. Na farko maganar hauka. Tun da an yi makonni da cizon kuma birin yana raye yana ci, da wuya ya zama haukan kare, amma ba za ta shaida a gaban mai gari ba sai ta duba bakinsa da idonsa da hannunta. Na biyu roƙo ne, ina iya ƙi. Tana son ɗan jini, da 'yar fata daga gefen kunne.

Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce jikin kowace halitta da wasu ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, kamar ɗaki da tubali, ido ba ya ganinsu. In aka ɗebi na fata da ransu aka sa a wani ruwa mai ɗumi, sai su ci gaba da hayayyafa a kwalba. Akwai masu ilimin da suke juya na fatar su zama irin na ƙwaƙwalwa. Sai a ajiye na tsohon biri kusa da na yaron biri, a duba me ya lalace a na tsohon. Da haka ake neman sanin abin da ke kawo gigin tsufa, ba tare da an fasa kan kowa ba. Ta ce biri ya fi ɓera kusa da mutum, tsufansa ma irin namu ne, amma da wuya a sami wanda ya daɗe haka kuma aka san shekararsa. Da na ce mata shekarar babban fari aka kawo shi, sai ta ce ya kusa talatin ke nan.

Na ce mata a'a. Na gaya mata dokar gidanmu. Ba ta yi dariya ba. Ta ce to, a bar wannan, a yi na farko.

Nan aka sami matsala. Don ta buɗe masa baki sai an yi masa allurar barci, kuma ta faɗa mini gaskiya: dabbar da ta tsufa haka tana iya yin barcin ta ƙi tashi. In ba a duba ba kuma, maganar mai gari tana nan. Na ce ta ba ni lokaci in yi masa duba. Na zauna, na miƙa hannu. Kofur ya ga taron mutane, ya ja da baya iyakar sarƙa, ya yi mini haƙora yana haushi. Na sake gwadawa, ya kai mini wafta. Sahabi ya ce wa wakilin mai gari, "Ka gani ko? Ubangijinai ma bai sani ba."

Sai Kawu ya fito daga ɗaki. Rigarsa a bai-bai. Ya dubi taron, ina jin ya ɗauka kasuwa ce ta ci. Ya ce mini, "Kai yaro, wa ya ba ka sarƙa? Tashi." Na tashi. Ya zauna a kan turmin, ya buga cinyarsa sau biyu. Kofur ya daina haushi. Ya tako a hankali, ya shiga tsakanin ƙafafun tsohon, ya juya masa ƙeya.

Mutumin da bai san sunan matata ba, yatsunsa ba su manta komai ba. Daga ƙeya zuwa bayan kunne, yana raba gashi yana ɗan gunaguni. Idon Kofur ya lumshe. Na riƙe ɗamarar ta baya. Likitar ta sa safar hannu, ta matso a durƙushe ta gefen da na nuna mata. Ta ɗaga masa leɓe, ta duba dasashi, ta haska ido ɗaya, ta haska ɗayan. Ta sa aka kawo ruwa, ya sha. Sannan ta tambayi Sahabi ta wane gefe ya bi ranar.

"Ta hagu."

"Idonsa na hagu yanar ido ta rufe shi, ba ya gani da shi. Ga tsufa ya ruɗa shi. Ji ya yi abu ya taho masa, ya kama. Ba hauka ba ne, Malam. A gaya wa mai gari ni na faɗa. A daina bi ta hagunsa, yara kuma kada su zo kusa."

Sahabi ya dubi hannunsa ya ce, "Ashe allurar banza nis sha." Rifkatu ta ce, "Ba ta banza ba ce, ai ga ka nan kana surutu." Mutane suka yi dariya suka fara watsewa. Ni kuwa na zauna a ƙasa.

Likitar ta fara haɗa kayanta. Kawu bai daina dubar ba. Na dube su su biyu, tsoho da tsoho, kowanne ya manta rabin duniya. Na tambaye ta ko abin da za su gano zai warkar da Kawu. Ta ce a'a. Ta ce ba ta ma yi mini alkawarin zai warkar da ni ba in nawa ya zo. Aiki ne mai nisa, wataƙila jikokina. Da ta ce mini zai warke, da na ce ta tafi, domin ni ma na sayar da magani a kasuwa, na san yadda ake magana.

Na yi tunanin dokar. An kafa ta ne don kada a sace wasa. Wasan Kofur kuwa ya riga ya tafi, a gabana ya tafi a kasuwar Gummi, kuma ba wanda ya taɓa gashinsa. Na faɗa mata haka. Na ce, "Mi za ku sata? Babu sauran komi."

Ta ce, "Mu ma inda ya tafi muke nema."

Na ce ta yanka.

Ta shafa wani magani a gefen kunnen, ta jira ya mutu. Ta ɗauki wani ƙarfe kamar na huda fata, ta matsa sau ɗaya. Kofur ya girgiza kai kamar ƙuda ya sauka masa. Ta danne wurin da auduga, ta ɗebi jini kaɗan a hannunsa, ta sa 'yar fatar a kwalba mai jan ruwa, za ta sa a akwatin ƙanƙara. Sai hannun Kawu ya tsaya. Ya ɗago kai, idonsa tar, irin na da.

"Mi anka ɗauka?"

Duk abin da ya manta, wannan bai manta ba. Ya miƙa hannu wajen kwalbar.

"Ke ɗiyar wa? Mai biri ta ke?"

Ta rusuna ta ce, "A'a Baba, ba ni da biri."

"To mi za ki yi da shi?"

Ta ce, "Raino zan yi."

Kawu ya dubi kwalbar ya daɗe. Sannan ya janye hannunsa.

"Ki ba shi nono. Hura kak ta yi tsami. Kuma ki aje shi wurin ɗumi, sanyi ka kashe su."

Ta ce, "To Baba. Wurin ɗumi zan ajiye shi."

Ya koma kan dubarsa.

Daga baya Rifkatu ta gaya mini an sami dalma a jinin, kamar yadda take a jinin kusan duk abin da ya rayu a garinmu. Likitar ta ce ba za ta iya raba abin da dalma ta yi da abin da shekaru suka yi ba. Wata rana kuma Rifkatu ta nuna mini hoto a wayarta, wasu abubuwa masu saiwa kamar ciyawar da aka tumɓuke. Ta ce Kofur ne, ƙwayoyin fatarsa sun rayu. Na duba ban ga kama ba. Na ce ta gaishe su.

Kawu bai sake fita ba. A ɗakinsa ya rasu, a kan tabarmarsa, muka yi masa wanka muka kai shi kamar kowa. Kofur ya ƙara damina ɗaya. Na same shi a kwance a bakin ƙofar da hantsi, rana tana dukan bayansa. Na kwance ɗamarar, na haƙa rami a bayan ɗaki inda muka binne garin fiƙarsa. Da kansa a wuyansa na sa shi.

Ban sake riƙe biri ba. Da daji ya gama lalacewa muka baro ƙauye. Yanzu ina Gummi da Hassi da 'yata, ina gadi a kasuwar dabbobi, ina kuma ɗinka wa masu raƙuma da jakai kayan fata. Gangar tana rataye a ɗaki. Sunan kowa a gidana ina riƙe da shi har yau.